Na Binne Cibiyar Ɗiyata a Gidan Haya

Daga magatakarda: Wata 'yar'uwarmu ce ta same ni, ta faɗa na rubuta, ta ce a karanta wa taron mutanen Arewa na nan Kumasi, maza da mata, amma kada a ambaci sunanta. Yadda ta faɗa haka na sa, ban gyara mata ba.

Salamu alaikum jama'a, manyanku da ƙananku. Don Allah ku ba ni shawara. Ni ba mai yawan magana ba ce, ban kuma saba kai kukana gaban mutane ba, sai dai wannan ya fi ƙarfina. Wanda ya gane ni a cikinku ya riƙe bakinsa.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Tibiri. Na ga shekarar fara, na ci dussa da ganyen da ko akuya ba ta so, na binne 'ya'ya uku kafin su yi haƙori. Na faɗi haka ne don ku san ba ƙaramin abu ke tsorata ni ba. Abin da ya fito da mu kun san shi, shi ya fito da yawancinku. Gardi, dogaran Nasara, sun kama maigidana aikin dole har sau biyu, fasa dutse a hanyar Dogon Dutsi, ya dawo da tari da tabon bulala a baya. Da muka ji sunansa ya sake fitowa a bakin mai gari, sai muka ɗaure kayanmu, mu da yaranmu maza biyu, muka tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki a ƙafa, daga nan mota ta miƙa mu ga mota har muka faɗo nan Kurmi.

Da muka iso, zango, unguwar baƙi irinmu, ya cika, babu ɗaki, sai wani ɗan garinmu ya samo mana haya a cikin gari, gidan Tonawa, wato masu ƙasar. Gidan wata tsohuwa ne, kowa Nana yake ce mata. Ɗaki guda, mu huɗu. Maigida ya shiga dako a kasuwa, ni na kama tuyar ƙosai a bakin titi. Zaman bai zo da sauƙi ba. Ruwan sama babu lokaci, tufafi su yi funfuna a cikin akwati, gishiri ya narke a kwano. Gero sai mai kuɗi, muka koma masara da rogo da wata ayaba da ake dafawa kamar doya, wadda har yau cikina bai yarda da ita ba. Ruwan sha a saya, itacen girki a saya, ko bayan gida sai ka bi layi kana riƙe da ciki, mu da muka saba idan ya matsa mu nufi daji. Yaran suka riga mu sabawa, kafin shekara sun kama Tonanci, su ne ke saya mini gishiri. Duk wannan na haɗiye, tunda babu gardi a ƙofa.

Abu guda ne ban saba da shi ba, gidan babu ƙasa. Tsakar gida siminti, ƙofar gida siminti, bayan ɗaki kwata. Babu inda za ka zuba ruwa ƙasa ta shanye, babu yashin da za ka goge tukunya. Wuri ɗaya aka bari a tsakiyar gida, bai fi faɗin babban faifai ba, da wani ɗan itace mai rassa uku, an ɗora tukunya a tsakanin rassan. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ɗiyar Arawa ce, uwata 'yar bori ce, godiyar Doguwa, iskar da ke hawanta, na san itace mai tukunya ba ado ba ne. Amma ban taɓa ganin jini ko gashin kaza a wurin ba, yara ma suna wasa a gefensa. Na ce a raina, abin Tonawa ne, bai san harshenmu ba, ina ruwansa da mu.

Sai na sami ciki. Naƙuda ta zo mini da rana tsaka, ranar kasuwa, gida ya watse, babu kowa sai maƙwabciyata, wata Babarbariya da ta daɗe a garin nan har tana jin Tonanci. Ku kira ta Fanna, ba sunanta ba ne. Ita ta yanke cibi. Na haifi mace, ta farko da ta zo mini bayan maza, ku kira ta Kande. Da mabiyiya ta faɗo na tambayi Fanna ina ake kai ta a nan, ta ce ita dai ta ga ana naɗewa a tsumma a kai juji. Juji, inda karnuka da aladu ke tono. Ku mata kun san abin da ake faɗa a kan yaron da kare ya ci mabiyiyarsa. A garinmu bayan ɗaki ake haƙa rami a binne ta, bakinta na kallon sama, a nan mai jego za ta yi wanka, a nan kuma yaro zai ce gidansu ne ko ya kai bangon duniya. Da Fanna ta fita ɗora ruwa, na rarrafa da wuƙar girki zuwa gindin itacen nan, jini na bin ƙafata, na haƙa, na binne yadda uwata ta koya mini, na danne da tafin hannu. Da cibiyar ta bushe ta faɗi, ita ma nan na sa ta.

Fanna da ta gani ta riƙe baki. Kun san Barebari da Arawa abokan wasa ne, ba mu barin juna. Ta ce, "Ke baiwata, ku Arawa ba ku ganin ƙasa ku ƙyale, ko a kan kabari sai kun yi shuka." Na ce, "Da ke ce da kin ba kare, ki ce ya yi miki godiya." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta ce, "Ki fara ɗaure kayanki, yau Nana za ta kore ku."

Da yamma Nana ta dawo. Ko kayanta ba ta sauke ba ta ga an taɓa ƙasar. Ta sa aka kira Fanna ta yi mana tafinta, ta ce wa ya yi. Na ce ni. Ta ce me na sa a ciki. Na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Namiji ko mace?" Fanna ta ce mace. Sai ta shiga ɗakinta ta fito da ƙwai, ta ajiye a gindin itacen, ta zuba wani abu daga kwalba tana magana ƙasa-ƙasa. Ta shigo ɗakina ba sallama, ta ɗauki jaririyar, ta buɗe tsumma ta duba ta tun daga kai har tafin ƙafa, ta mayar mini. Ba ta kore mu ba. Washegari ta aiko da miya da itacen dafa ruwan wanka, haka ta yi ta yi har na gama jego.

Tun daga nan Kande ta zama ta Nana. Na fita tuya, yarinya tana bayanta. Ta raɗa mata suna irin nasu na ranar haihuwa, duk gidan da shi ake kiranta, har yayyenta. Wanda muka yanka wa rago ni kaɗai nake faɗarsa, shi ma sai na maimaita kafin ta waiga. Tonanci ta fara yi kafin Hausa. Tuwon masara idan na yi sai ta ture, ta tafi ɗakin Nana ta ci sakwara. Na so a yi mata tsagarmu kamar yayyenta, daga gefen baki zuwa kunne, maigida ya hana. Shi tun da muka zo ya kama zama gaban wani malami a zango, ya riƙe salla, ya ce tsaga da bori duk ya bar su a Arewa. To ga ta nan, fuska sumul, babu abin da zai nuna tamu ce. Ban ce Nana ta taɓa cutar da ita ba. Ko tsawa ba ta taɓa yi mata ba. Alherin ne ma ya fara damuna, don na girma a inda ba a kiwata abu haka kawai.

Tana tafiya da ƙafarta aka yi haihuwa a gidan wasu mutanenmu a wani gari kusa, na tafi taya aiki na ɗauke ta. Daren farko ta ƙi abinci, washegari jiki ya yi zafi, kafin ranar suna ta fara sanƙarewa, ido ya juye. Na san wannan idon, na gan shi sau uku. Na bar sunan na kamo mota. Muna shiga gida Nana tana zaune a gindin itacen kamar mai jiran baƙo, ta karɓe ta, ta ɗebi ruwan tukunyar ta shafe mata kai da ƙirji. Kafin rana ta faɗi yarinya tana neman abinci. Maigida ya ce zazzaɓin sauro ne, ya zo lokacin tafiyarsa. 

Bayan shekara aka sami ɗaki a zango, kusa da masallaci, maigida ya ce mu koma cikin musulmi. Muka kwashe. A can babu sanƙarewa, bushewa ta yi ta yi a tsaye. Ba ta kuka, ba ta wasa, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon hanya. Muka kai ta asibiti aka yi allura, malam ya yi rubutu ta sha, na yi mata hayaƙi da saiwoyin da na zo da su daga gida, duk a banza. Wuya ya zama kamar kara, gashi ya yi ja. Wata safiya na ɗaga kai na ga Nana a ƙofa, ita da ba ta taɓa taka zango ba, kuma ba mu faɗa mata ɗakin ba. Ta kwance ƙullin abinci, yarinyar da ta ƙi cin nawa ta cinye tas. Ni da kaina na ce wa maigida mu koma. Ya yi faɗa, ya ce ina mayar da shi baya, amma ya ga abin da na gani, muka koma. Ɗakinmu yana nan a kulle, ba ta ba kowa haya ba.

A lokacin ne Fanna ta faɗa mini abin da ta daɗe da sani. Nana ɗiya guda ta haifa, ta mutu wajen haihuwa, ita da abin cikin. Su kuma a wajensu ta wajen mace ake lissafa dangi, gidan da babu ɗiya mace ya ƙare. Itacen nan uwar Nana ta kafa shi, gabansa suke roƙo. Fanna ta ce Nana ta shekara da shekaru tana kai ƙwai tana roƙon a ba gidan mace, sai ga wata baƙuwa daga arewa ta rarrafo da jini ta kawo har gindinsa. Na ce wa Fanna don me ba ta faɗa mini tun da wuri ba. Ta ce, "Da na faɗa za ki tono ne? Ranar da kika binne magana ta ƙare."

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Wani mai fataucin goro ya zo da saƙo daga gida, wan maigidana ya rasu, tsohonsu ido ya tafi, babu mai noma gonar gado. An ce idan bai zo kafin shuka ba za a ba wani dangi. An kuma ce Nasara ya daina kama mutane aikin dole, da yawa sun koma. Maigida ya ce tafiya ba fashi, shi ba zai mutu da kayan wani a ka ba alhali ubansa na da gona. Ban ga laifinsa ba, ni ma ina mafarkin furar gero. Sai na faɗa masa abin da na binne da inda na binne, don duk shekarun nan bai sani ba. Bai buge ni ba, amma ya faɗi abin da ya fi duka. Ya ce jinin bori ne ke bina, ya ce na ɗauki ɗiyarsa na ba gunki, ya ce shi bai yarda itace na da iko da rai ba, rai na Allah ne, idan kwananta ya ƙare ko a cinyar Nana za ta mutu. Na ce na yarda rai na Allah ne, amma shi bai taɓa riƙe yaro yana sanƙarewa a hannunsa ba, duk ukun yana gona ko yana hannun gardi, ni na rufe musu ido. Ya ce in zaɓa, ko in bi shi da yara duka, ko in zauna ba da aurensa ba, ya tafi da maza. Ya riga ya kama mana wuri a motar da za ta yi arewa, har da Kande.

Na ja Fanna muka sami Nana. Na ce mata za mu tafi, ta sake mini ɗiya. Ta ce ita ba ta ɗaure kowa ba. Na ce to ta roƙi abin nata ya sake ta. Ta ce, "Ni ban kira ta ba, ke kika kawo ta. Na taɓa shiga ɗakinki na ɗauki wani abu?" Na ce a'a. Ta ce idan na bar ta za ta sa ta makaranta, ɗakinta da kayanta duk nata ne, duk ranar da na zo ƙofa a buɗe take, ba za ta hana ta salla ba idan ta so. Na ce idan na tafi da ita fa? Ta kalli itacen, ta kalle ni, ta ce ita tsohuwa ce, ba ta san hanyar arewa ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ta zage ni ko ta yi mini kurari da na san yadda zan yi da ita.

Fanna ta ce in saci ƙasar wurin in ƙulle a zane in tafi da ita, in binne a bayan ɗakina a gida, wai inda cibiya take nan yaro yake. Na yi tunanin haka. Amma mabiyiyar ta daɗe da zama ƙasa, saiwa ta sha ta, ban san me zan ɗebo ba. Kuma ko na ɗebo, gidan mijina da Doguwarsu, tana nan a tsamiyar bakin gona, shi ya bar ta amma ita ba a ce ta bar su ba. Uwata ta sha faɗa mini, ba a shigar wa Doguwa da baƙo gida ba a tambaye ta ba. Kada in je in tsere wa guda in haɗa biyu faɗa a kan yarinya ƙarama. Malamin maigida kuma ya ce a yi sadaka a kama hanya, ya ba da laya. Na rataya mata. Nana ta gani, ta gyara mata igiyar don kada ta shaƙe ta, ba ta ce a cire ba.

Hanyar nan kun bi ta, kun san ta. Daji ne da ƙetaren ruwa da kwana a tasha, babu asibiti, babu mai juyo da mota don yarinya ta yi zafi. Wancan karon da ta sanƙare tafiyar rabin yini ce tsakaninmu da gidan. Wannan idan muka yi nisa babu dawowa.

Jiya da hantsi Nana ta kira ni ta ba ni kyautar sallama. Ni ta ba ni turmin atamfa, yara maza ta ba su riguna. Na Kande ta miƙo shi daban, farin ƙyalle ne sabo fil, ba a ɗinka ba. Ta ce a riƙe mata a hanya.  Fanna ta ce kada in sa komai a raina, su Tonawa fari kayan murna ne, shi suke sawa idan mace ta haihu lafiya ko an tsallake wata masifa, ta rantse mini haka ne, na kuma sha ganinsu da shi. Wataƙila addu'a ce tsohuwa ta yi mana irin tasu. Amma ni ba Tonawa suka haife ni ba, na san abin da ake yi da farin ƙyallen da ba a ɗinka ba. Da yarinya ta yi barcin rana na shimfiɗa shi a gefenta. Tsawonta ne, da ɗan abin da za a naɗe a kai da ƙafa.

To jama'a, ga ni. Idan na bar ta, na san za ta rayu, ta yi ƙiba, ta yi karatu, ta manta da ni, ta haifa wa wani gida 'ya'ya da harshen da ba na ji. Idan na zauna da ita, na rasa aure na rasa maza biyu, su tafi hannun dangin uba ba uwa. Idan na ɗauke ta, ko dai maganar maigida ta zama gaskiya mu isa Tibiri tana dariya, ko in haƙa rami na huɗu a gefen hanya, a ƙasar da ba zan sake gane wurin ba. A cikinku akwai dattawan da suka san Arewa suka san Kurmi, akwai malamai, akwai matan da suka haihu a gidajen haya irin nawa. Akwai wanda ya taɓa fitar da yaro daga irin wannan ya rayu? Kada ku ce mini in yi haƙuri, haƙuri na iya shi tun ban yi aure ba. Ku ce mini in hau da ita ko in bar ta. Ku ba magatakarda amsa, zan aiko a karɓa, motar ba za ta wuce kasuwa mai zuwa ba.